Sawun Katantanwa a Ruwan Salama

Ummu Ragab ce ta fara ɗaga murya. Da hantsi ta fito daga bayan gidanta riƙe da gwangwani, ta tsaya a ƙofar masallaci ta ce duk mai ido ya zo ya gani. Fitsarin ƴarta ne, ja wur. Kafin azahar wasu gidaje shida sun fito da irin labarin, waɗanda suka daɗe suna ɓoyewa don kunya.

Shekara goma sha huɗu rabon Salama da tsargiya. Ni Mabruk na san wannan sarai, domin ni ne mai rabon ruwan garin. Idon ruwa ɗaya gare mu a tsakiyar hamada, kowane lambu da sa'arsa, ni ke buɗewa ni ke toshewa da agogon da na gada wurin mahaifina. A gabana mutanen gwamnati suka shekara uku suna zuba shuɗin magani a magudanai har suka kashe katantanwar da tsutsar ciwon ke kwana a cikinta. Da za su tafi suka bar mana aiki ɗaya tak: mu riƙa jefa reshen dabino a ruwa, mu ɗaga shi duk wata mu duba ko katantanwa ta manne. Mun yi shekara biyu muna yi, daga nan lalaci ya ci mu.

Ran nan Umda, dagacinmu, ya sa aka jawo wani tsohon reshe da ya faɗa ruwa da kansa. Ga katantanwa nan manne, ƙanana kamar ƙwayar wake, bakin kowace yana kallon hagu. Tamu ta gida doguwa ce mai tsini, ba ta cutar kowa. Wannan ta bakin Nilu ce.

"Tsakaninmu da kogi yini guda ne a mota," in ji Umda. "Wannan abu bai tako hamada da kansa ba. Wani ya ɗauko shi ya zuba mana."

Ba wanda ya ambaci suna, amma kowa ya waiga gefen da lambun Haridi yake.

*

Shekara tara Haridi yana cikinmu. Daga kwarin Nilu ya zo aikin hawan dabino, ya tara abin da ya tara ya sayi wani fako a can ƙarshen magudana, da rabin sa'ar ruwa duk bayan kwana takwas. Bara ya dasa ƴaƴan dabino arba'in. Kowa a Salama ana kiransa da sunan ɗansa ko ƴarsa, shi kuwa ba a taɓa ce masa Abu Sabah ba, kullum "ɗan kwari". Kuma an tuna cewa da aka hana shi ƙarin ruwa ya taɓa faɗa cikin fushi cewa wata rana sai mun yi kuka da ruwan nan.

Umda ya yanke cewa a toshe masa ruwa, kada kuma ya ƙara kusantar magudana sai gaskiya ta fito. Garwa biyu ta ruwan sha kawai za a riƙa kai masa. Ni na ɗauki fartanya na toshe bakin ruwansa da taɓo, washegari kuma ranarsa ce. Ban ji komai a raina ba, na ma danna taɓon da dunduniya don ya kama. A zafin nan ɗan dabinon da bai yi saiwa ba yana iya jure rashin sha ɗaya, ya jure na biyu da ƙyar. Na uku sai dai a tone shi a yi wuta.

Sai aka aika wa Suwailim.

Suwailim mai bin sawu ne, tsarana, yana zaune a bakin dutse da awakinsa. Ya san ƙafar kowane mutum da kowane jaki a ƙauyuka biyar. Ya taɓa duban sawun raƙumi ya ce mai shi ya ci bashin barci, kuma haka ne, a kan hanya aka tsince shi ya faɗo. Da ya iso ya dubi reshen, ya dube ni.

"Mai agogo, tsufa ne ya kama ku gaba ɗaya? Kun kira ni in bi sawun abin da ba shi da ƙafa."

"Kai dai da aka ce kana ganin sawun iska."

"Wanda ya gaya maka haka ya ci kuɗinka. Kawo shayi, sannan ka raka ni."

*

Mun tarar da Haridi zaune a tsakiyar dabinansa, ya yi wa kowane ɗan rumfa da busasshen ganye. Ya miƙe ya gaishe mu.

"Sannu da zuwa Baffa Suwailim. Baffa Mabruk, sannu."

"An ce an sha ganinka da sassafe kana tsoma wani abu a ruwa," in ji Suwailim. "Ga sawunka ma, har yau bai goge ba."

"Zaren dabino nake jiƙawa, ina tufka igiya. Ga ta can rataye."

"An ce kana da ciwon."

"Ina da shi, tun ina yaro. A garinmu yaron da bai yi fitsarin jini ba uwarsa har damuwa take ko ba namiji ta haifa ba. Amma shekara tara ina nan, wa na shafa wa? Kuma Baffa, Sabah ƴata tana cikin yaran nan bakwai. Zan zuba guba a kwanon da ƴata ke ci?"

"To maganar kuka da ruwa fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Baki ne. Wanda bai taɓa faɗar irinta ba a garin nan ya ɗaga hannu."

Suwailim ya tsuguna a bakin magudana, ya ɗebo taɓo ya murza a tafinsa, ya tsinci katantanwa uku ƙanana ya ƙulle a gefen rawaninsa.

Daga nan muka nufi wurin Zaki direba, wanda ke kai dabinonmu kwari da babbar mota, yana kuma wanke ta a wutsiyar ruwa, can ƙarshen magudana. Zaki ya rantse da kabarin ubansa har sau uku tun ba a tambaye shi komai ba. Suwailim ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɓantaro busasshen taɓo daga ƙarfe, ya taɓa ƙarfen ya janye hannu da sauri.

"Abin da ya yi yini guda a nan, gasasshe zai iso," in ji shi.

Ta uku ita ce Ummu Ragab da kanta, domin an tuna ta sayo agwagi daga kwari. Da ta gane abin da ya kawo mu sai ta ɗora hannu a ƙugu.

"Au, ni da na tona asirin, ni za a kama? Suwailim, da ba don furfurarka ba da ka sha ruwan wanke-wanke. Agwagin nan a kwando suka zo, ƴan kwana uku da ƙyanƙyasa, ba su san kogi ba balle su yi masa aike. Ku je ga ɗan kwari ku bar ni da abin da ke damuna."

Muka fito tana biye da mu da sauran maganar har bakin hanya.

*

A rana ta shida likita ta zo daga babban gari da magani. Dakta Insaf sunanta, yarinya ce ƙarama mai tabarau. Bayan ta gama da yara aka shimfiɗa mata tabarma a zauren Umda, dattawa suka kewaye ta. Ta ce ciwon hannu biyu gare shi: mai ɗauke da shi ya yi fitsari a ruwa, katantanwa ta karɓa ta raina, ta sake shi ya shiga fatar wani. Ta ce masu ɗauke da shi a Salama sun fi goma, duk wanda ya yi soja ko ƙwadago a kwari. Wannan ba ta yi wa dattawa daɗi ba, aka yi ta gyaran murya.

Suwailim ya tambaya. "Ƴata, wanda zai yi mana wannan aiki, nawa zai ɗauko? Cikin kwano? Cikin buhu?"

"Ɗaya, Baffa."

"Mace da namiji dai."

"Ɗaya tak."

Zauren ya fashe da dariya. Mu fa mutanen dabino ne. Duk shekara da hannunmu muke hawa mu ɗaure furen namiji a kan na mace, in ba a yi ba ko ƙwaya ɗaya ba za a ci ba. Ɗan shekara biyar a Salama ya san haihuwa sai da biyu. Hajji Sinusi ya ce a tambayi makarantar da ta yi ko za ta mayar mata da kuɗinta.

Ba ta yi fushi ba. Ta karɓi reshen ta juya shi, ta nuna mana wasu ɗige-ɗige masu yauƙi, farare tas, manne a jikinsa.

"Wannan irin, kowace ɗaya mace ce kuma namiji ce. In ta samu aboki to, in ba ta samu ba ta wadatar da kanta. Kowane ɗigo ƙwai ne, goma ko fiye. Kwana goma su ƙyanƙyashe, wata ɗaya da rabi su ma su fara. Ku ba ɗaya shekara guda da ruwa mai ɗumi irin naku, za ta cika muku gari."

Suna ta dariya. Ni kuwa na ajiye kofin shayina ƙasa, ban ƙara kurɓa ba.

*

Matata Bahiyya ƴar kwari ce ita ma, amma shekara talatin da aure sun sa an manta. Ba mu samu haihuwa ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita bara, sai ruwanmu ya daina shiga mata, ta ce ƙarfe-ƙarfe yake mata a baki. Ta ce abu ɗaya take so kafin ta tafi: ruwan ƴar magudanar da ke bayan gidan ubanta, inda take ɗiba tana yarinya. Ban gaya wa kowa ba don kada a ce na zauce. Na ce zan je sayo magani, na sayi tulu a can na cika shi, na rungume shi a cinya tun daga kwari har gida.

Ita ta fara ganin abin, ƴar katantanwa guda manne a wuyan tulun daga ciki. Na kai hannu zan murƙushe, ta riƙe ni.

"Bar ta, Mabruk. Ƴar garinmu ce, ta zo duba ni."

Ta riƙa jefa mata gutsuren ganyen latas, tana yi mata hira. Rabon da in ji dariyarta an yi watanni. Kwana ashirin da uku ta ƙara, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai na dubi tulun. Na kasa fasa shi, na kasa kashe abin da ke ciki. Na tuna da shuɗin magani, wallahi na tuna. Amma na ce a raina, guda ɗaya, ba miji ba mata, me za ta yi in ba ta tsufa ta mutu ita kaɗai kamar ni ba? Na kai tulun ƙarƙashin katangar gidana inda babbar magudana ke wucewa, na nutsar da shi cikin ciyawa.

Ranar da likita ta yi maganar nan, da rana tsaka kowa ya shige inuwa, na zagaya bayan katanga. Na sa ƙafa a taɓo, na hango wuyan tulun ƙarƙashin ruwa. Niyyata in ɗauke shi in binne a rairayi. Na tsaya ina kallo har ƙafata ta yi sanyi, na juyo ban taɓa shi ba. Ban kuma je wurin Umda ba. Na ce wa kaina gobe.

*

Rana ta goma ranar ruwan Haridi ce ta biyu. Ya same ni a bakin idon ruwa, ya tsaya nesa kamar yadda aka umarce shi.

"Baffa Mabruk, ba rabin sa'ar nake roƙo ba. Minti goma. Ba zan taɓa ruwan ba, kai za ka buɗe kai za ka rufe. Zuciyoyin dabinon sun fara yin rawaya. Ruwan shanmu nake raba musu da kofi, Sabah har ta daina cewa tana jin ƙishi."

"Umarnin Umda ne."

"Kai ne fa ka nuna mini yadda ake dasa su. Ka ce in juya su gabas."

"Na ce maka umarni ne. Ka yi haƙuri gaskiya ta fito."

Haka na ce masa, gaskiya ta fito, alhali tana kwance bayan katangata. Tsoro ne kawai. Ina tsoron idon iyayen yaran nan bakwai, ina tsoron a karɓe agogon, ina tsoron a riƙa ambaton Bahiyya da tsargiya a jumla ɗaya. Har yau in na tuna yadda ya ce "to Baffa" ya juya, sai abinci ya fita raina.

Suwailim kuwa ya daina yi wa mutane tambaya. Ya ari rariyar Ummu Ragab, ya fara daga wutsiyar ruwa yana tankaɗe taɓo, lambu bayan lambu, yana hawowa. Duk abin da ya samu sai ya jera a tabarma. Mutane suna wucewa suna cewa tsoho ya koma wasan yara.

"Me kake nema?" na tambaye shi.

"Kakarsu. Garke in ya bazu, ƙanana ne ke nisa, tsofaffi suna kusa da inda aka fara sauka. Duba nan. Wajen Haridi duk ƴan jarirai ne. Wajen Hajji Sinusi sun fi girma. Nan kuma an fara samun farare, waɗanda suka mutu da tsufa. Ruwa gangarawa yake, mai agogo, ni kuma hawa nake."

Kwana huɗu bayan haka na hango shi daga nesa ya kai bayan katangata. Ya daɗe a wurin. Da ya fito sai ya wuce sama ya tankaɗe har idon ruwa, bai samu ko ɗaya ba. Na ga ya kifa wani tsohon kwano a bakin magudana ya ɗora masa dutse.

Tun daga ranar bai ƙara ce mini mai agogo ba. Yana zuwa ya sha shayina, ya zauna shiru, ya tashi. Kwana huɗu yana haka. A na huɗun, wadda ita ce ranar ruwan Haridi ta uku, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Mabruk, na gaya wa Umda ya tara mutane gobe bayan la'asar. Na jira wani ya riga ni magana, bai yi ba. Jiran nan ma laifi ne, kuma a wuyana yake."

Na ce Allah ya kai mu. Abin da na iya faɗa ke nan.

*

Aka share filin ƙofar Umda, aka baza rairayi mai laushi kamar yadda ake yi in za a gwada sawu. Garin duka ya fito, mata a kan soraye. Aka sa Haridi da Zaki da Ummu Ragab suka cire takalma suka taka. Suwailim ya ce ba adalci ba ne su kaɗai, duk namijin da ke da sa'ar ruwa ya taka. Muka bi layi muka taka, har Umda.

Ya bi sawayen yana dubawa, ya dawo tsakiyar fili.

"Zaki, sa takalminka. Motarka ta fi tanda zafi, kuma wutsiyar ruwa kake wanki, abin nan ba daga can ya faro ba. Ummu Ragab, agwaginki ci suke yi wa katantanwa, da kin sayo ɗari da kin taimake mu."

"Ka faɗa da ƙarfi, na soro ba su ji ba," in ji ta.

Ya sa aka kawo tabarmar, ya nuna yadda suke girma daga ƙasa zuwa sama. Sannan ya janye wani buhu, sai ga tulu, jiƙe, da gansakuka. Ya karkata shi ga rana. Cikinsa duka ɗige-ɗigen ƙwai ne, ba wurin sa yatsa. Ya zura hannu ya ciro ɓawo ɗaya fari, ya fi duk na tabarmar girma.

"Ga uwarsu, ga kuma ubansu. Daga cikin tulun nan aka fara. Sama da inda na same shi babu ko ɗaya."

Hajji Sinusi ya matso ya ƙwanƙwasa tulun. "Wannan ai ginin kwari ne! Yumɓun nan ba namu ba ne."

Fili ya ɗauka. "Ɗan kwari! Mun faɗa!" Samari suka yunƙura, wani ya riga ya cafke wuyan jallabiyar Haridi. Shi kuwa yana ta cewa bai taɓa ganin tulun ba, ba mai jin sa.

Suwailim ya buga sandarsa a ƙasa. "Ban gama ba. Kusa da tulun akwai sawu, na kwana goma sha uku, na rufe shi da kwano yana nan. Mutum ne ya zo da rana, ya sa ƙafar hagu a taɓo, ya daɗe a tsaye har ta nutse, ya koma bai taɓa komai ba. Wanda bai san da tulun ba ba zai tsaya a nan ba. Ƙafar tana cikin filin nan." Bai dube ni ba, rairayi yake kallo. "Shekara hamsin ina faɗar sunan mai sawu. Yau ina roƙon a ɗauke mini."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ku sake shi. Tuluna ne."

Na faɗi komai, tun daga ruwan da Bahiyya ta roƙa har ganyen latas. Na faɗi abin da na ce a raina ranar da na nutsar da tulun. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Na ciro agogon na ajiye gaban Umda, na tsaya ina jiran abin da suka tanadar wa Haridi.

Umda ya daɗe yana shafa gemu.

"La haula wa la ƙuwwata. Allah ya jiƙan Bahiyya, mace ce ta gari. Wannan kuskure ne, ba da gangan ba. Wa zai ce guda ɗaya za ta haihu? Ko ni ne haka zan yi zato. Ɗauki agogonka, Mabruk."

"Ƙaddara ce," in ji Hajji Sinusi. "Mutum da matarsa."

Aka yi ta gyaɗa kai. Ummu Ragab ma, da ƴarta ke kwance, share hawaye take da gefen mayafi. Wanda ya riƙe wuyan Haridi ya sake shi har yana kakkaɓe masa ƙura. Da ma sun jefe ni da ya fi mini sauƙi.

Haridi ya gyara jallabiyarsa da ta yage. Bai ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Da aka ce ni ne, da gangan ne. Da ya zama shi ne, kuskure ne. Tulun dai ɗaya ne. Me ya canja?"

Umda ya ce a je a buɗe masa ruwa yanzu yanzu, a ba shi sa'a biyu.

*

Ni na buɗe. Ruwan ya shiga yana zagaya kowane gindi, ƙasa tana sha da ƙara. Haridi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jan ganyen tsakiya. Wanda ya mutu, zuciyarsa zarewa take a hannu ba gardama, da wari. Ya zare talatin da ɗaya ya jera a kan kunya. Tara ne suka riƙe.

Mutanen gwamnati suka dawo da maganinsu, yara suka warke, Sabah ma ta warke. Suwailim ya ƙi karɓar ladan aikinsa, ya koma bakin dutse, bai ƙara shan shayi a gidana ba.

Bayan mako biyu na ji Haridi yana loda kaya a motar Zaki. Na same shi da safe yana ɗaure tabarmi, matarsa da Sabah sun riga sun hau. Na ce masa sa'ata guda da rabi ta zama tasa, da lambuna, da ƴaƴan dabino arba'in daga mafi kyawun itatuwana, ni zan dasa da hannuna. Na ce masa Abu Sabah, karo na farko. Ya ci gaba da ɗaurinsa har ya gama.

"Tulun ban riƙe ka da shi ba," in ji shi. "Da matata ce ni ma zan ɗebo. Abu ɗaya nake so in sani. Yaushe ka gane?"

"Ranar da likita ta zo."

Ya ƙirga da yatsu a hankali. "Kafin in zo roƙonka minti goma."

"Kafin."

"A ranar duk arba'in ɗin suna da rai."

"Na sani."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma akwai. Ya ɗaga tabarmin ya miƙa wa Zaki, ya taka taya ya hau. Sabah ta ɗaga mini hannu, uwarta ta sauke mata shi.

"Dabinon nan tara da suka rage, ranar ruwansu Alhamis ce, Mabruk," ya ce daga sama. "Kada ka jira umarni."

Zaki ya tayar da mota.